Abin da ya sa ake zura ma'auni a rijiya kafin a yarda da kwamfuta

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso. Ka ce manyanku a wurin aiki ba sa karɓar lissafin da manhaja ta fitar kan hawan mai da gas a bututun rijiya sai an zura ma'aunin matsi tukuna, kana tambaya ko taurin kai ne na waɗanda kwamfuta ta riska da furfura. A'a, al'ada ce mai tushe, kuma ina so ka riƙe ta hannu bibbiyu.

Fara duba abin da ke faruwa cikin bututun. Can ƙasa, inda matsi ke da ƙarfi, gas a narke yake cikin ɗanyen mai. Mai na hawa matsi na raguwa, sai gas ya soma fita kamar kumfar lemo idan an buɗe kwalba. Da fari ƙananan kumfa ne a warwatse. Gaba kaɗan sai su haɗe su zama dogaye masu cika faɗin bututu, da guntun mai a tsakani, rijiya ta riƙa turo su bi da bi. In gas ya ƙara yawa sai abin ya hargitse, daga bisani gas ya kama tsakiya a guje, mai ya koma bin bango. Rijiya guda tana iya haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan tsakanin gindinta da bakinta.

Inda gizo ke saƙa shi ne gas ya fi sauƙi, don haka yana tsere wa mai ya bar shi a baya. Man da ke cikin bututu ya fi abin da za ka zata in ka dubi abin da ke fitowa a sama kawai. A bututun da ke tsaye kuwa, nauyin wannan mai ne ke cinye mafi yawan matsi, gogayya da bango ba ta kai shi ba. Kuskure kaɗan a nan, sai ka zaɓi bututun da ya yi faɗi, mai ya riƙa zamewa ƙasa har rijiya ta mutu, ko wanda ya matse ya shaƙe ta.

To, ƙa'idojin lissafin matsi da ke cikin manhajarka, daga ina suka fito? Duns da Ros, masu binciken kamfanin Shell a Holan, sun fitar da tasu a 1963 daga ɗakin gwaji. Hagedorn da Brown sun yi tasu a 1965 da rijiyar gwaji mai zurfin ƙafa 1,500 da bututun da faɗinsa bai wuce inci ɗaya da rabi ba. Beggs da Brill a Jami'ar Tulsa ta Amurka, a 1973, iska da ruwa suka tura cikin bututu mai tsawon ƙafa 90. Aiki ne na gwanaye, ina girmama shi ƙwarai. Amma babu ɗaya da aka gina da man Neja Delta ko na Agadem da ke Nijar, kuma rijiyoyinmu sun fi waɗannan zurfi nesa ba kusa ba. Sababbin manhajoji sun fi bin dokokin kimiyya, duk da haka akwai gurabe a cikinsu da sakamakon gwaji ne ya cike su. Zuba bayanan rijiya guda cikin ƙa'idoji uku, za ka ga amsa uku.

Ma'auni ne ke raba gardamar. Ana zura shi da waya rijiya tana gudana, a tsaya a zurfi daban-daban har karatun ya natsu, sannan a ga wace ƙa'ida ce ta fi kusa, a daidaita ta. Ba sau ɗaya ake yi ba, domin ranar da rijiya ta fara kawo ruwa da yawa, nauyin cikin bututu ya canza.

Idan za a yi awo na gaba, roƙi ogan naka ya bar ka ka bi masu waya zuwa bakin rijiya, ka rubuta karatun da hannunka. Ka turo mini shi tare da abin da manhajar ta ce mu duba tare. A gaida mahaifiyarka.