Na'urar sitirima ko kwamfuta: wanne ya fi wa sauraron waƙa a gida?

Malam Sani, ka tambaya ko ka sayi ƙaramar na'urar da ke ɗauko waƙa daga intanet, irin WiiM Mini ko Bluesound Node, ko kuwa ka jona tsohuwar kwamfutarka da amfilifaya.

Ni dai a ganina, in kwamfutar tana nan, kada ka yi gaggawar kashe kuɗi. Saya mata DAC na USB, wato abin da ke mayar da lambobi zuwa sauti, ka sa foobar2000, manhajar kunna waƙa wadda kyauta ce. Fayil ɗin FLAC, wato fayil ɗin waƙa da ba a rage masa inganci ba, mai ingancin CD, bit 16 da 44.1kHz, kunnenka da wuya ya bambance fitarsa daga kwamfutar ko daga na'urar. Lasifika da yanayin ɗaki su ne ke canza sauti sosai.

Inda na'urar ta yi zarra shi ne sauƙi. Ba fanka mai ƙara, ba saƙon Windows da zai faɗo tsakiyar waƙa, kana kishingiɗe ka canza waƙa da wayarka. Wutar da take ci kaɗan ce, ko inbata ba za ta ji ta ba.

Sai dai ka tuna da data. Waƙa mai ingancin CD tana iya cin megabait 300 ko fiye a awa guda.