Kun Tambaya: Yaya Ake Karrama Tsohon Soja Ɗan Kwana-kwana a Amurka Idan Ya Rasu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maƙwabcinmu a nan Bronx ya rasu. Ya yi aikin soja yana saurayi, daga baya ya daɗe yana aikin kashe gobara har ya yi ritaya. Matarsa ta nemi mu taimaka da shirin karramawa. Ta ina za mu fara? — Wata mai karatu, New York

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Karramawar biyu ce, kuma hanyarsu daban. Ta soja haƙƙi ce da doka ta tabbatar tun shekarar 2000. Ta kwana-kwana kuwa al'ada ce, kowace hukuma da tsarinta.

Ku fara da neman takardar sallamarsa daga soja, wadda ake kira DD-214. Ita ke nuna an sallame shi da mutunci. Wanda aka kora bisa babban laifi ba ya samun komai. Ku miƙa ta ga kamfanin da ke shirya jana'izar, su ne za su tuntuɓi rundunar, su kuma cike fom mai lamba 27-2008 don karɓo tuta kyauta. A nan yawanci ake samun cikas, domin iyalai ba sa sanin inda mamaci ya ajiye takardar. Neman wata na ɗaukar lokaci, ga shi gobarar da ta tashi a ma'ajiyar takardun sojoji ta St. Louis a watan Yulin 1973 ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, galibi na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960.

Abin da doka ta wajabta kaɗan ne: sojoji aƙalla biyu cikin kaki, ɗaya daga rundunar da mamacin ya yi wa aiki, busa begila, da naɗe tuta. Ana shimfiɗa tutar a kan akwati, ɓangaren shuɗi mai taurari ta wajen kai, saitin kafaɗar hagu. Kada ta taɓa ƙasa, kuma ba a binne ta da shi. Sojojin za su ninka ta sau 13 ta zama mai kusurwa uku, su miƙa wa matarsa. Busar da ake yi, Taps, sauti 24 ce kawai, tun 1862 ake yin ta. Masu busa sun yi ƙaranci, shi ya sa sau da yawa za ku ga soja riƙe da begilar da aka saka wa na'urar da ke fitar da sautin a ciki. Harbi sama sau uku da harsashi marar kai ba dole ba ne, sai in akwai masu yi, yawanci ƙungiyoyin tsoffin sojoji. Ba shi ne harbin igwa 21 ba, wannan na shugabannin ƙasa ne.

Ta ɓangaren kwana-kwana, ku je tashar da ya yi aiki ko ƙungiyar ma'aikatansu tun da wuri. Kada matar ta sa ran ganin duk abin da ake nunawa a talabijin. Ɗora gawa a kan motar kwana-kwana bayan an kwashe mesa, da gitta dogayen tsani biyu a rataya tuta a tsakani, yawanci na wanda ya mutu a bakin aiki ne. Mai ritaya yakan samu abokan aiki cikin kaki da baƙin ƙyalle a kan baji, wani lokaci da masu busa algaitar Sukotlan, da kaɗa ƙararrawa. A New York alamar mutuwa ita ce bugu biyar-biyar har sau huɗu, gadon zamanin da tashoshi ke aika saƙo ta wayar tangaraho. Wasu garuruwa uku-uku sau uku suke yi, don haka ku tambaya maimakon ku kwaikwayi bidiyo. Sai ku daidaita wa ɓangarorin biyu wanda zai fara, tunda tuta ɗaya ce sojoji za su naɗe.

Tambaya: In mamacin Musulmi ne fa, da ba a jinkirta binne shi? — Wani malami, Zariya

Amsa: Malam, matsalar lokaci ce. Rundunar takan buƙaci sanarwar aƙalla awa 48, mu kuwa ba ma son gawa ta kwana biyu. Mafita ita ce a yi wanka da sallah a binne a kan lokaci, a sa wata rana daga baya a zo a miƙa tuta. An yarda da hakan ko babu gawa a wurin, amma sau ɗaya ake yi wa mutum. Iyali ne ke nema, don haka suna da ikon cewa ba sa son harbi ko busa a maƙabarta, a bar naɗe tutar kawai.