Sunanka a Cikin Biyar: Amsa ga Ɗana a Kan Tsofaffin Finafinai da Kyautar Oscar

Assalamu alaikum, ɗana.

Saƙonka ya iso ni, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce ka shiga kallon tsofaffin finafinai na shekarun 1940 zuwa 1960, sai ka lura ana yi wa wasunsu kirari da cewa sun shiga takarar Oscar, alhali ba su ci komai ba. Ka tambaye ni wace irin al'ada ce wannan, mutum ya faɗi a gasa kuma ya riƙa tinƙaho da faɗuwar. Ka ce abin da ya fi ɗaure maka kai shi ne yadda ake tara mutum biyar a zaure ɗaya, a kira sunan guda, sauran huɗun su tafa masa a idon duniya, wanda a ganinka tozarci ne. Sannan ka nemi shawara ko ka bi jerin waɗanda suka ci kawai, ka huta da ɓata lokaci.

Kada ka bi jerin waɗanda suka ci kawai. Zan gaya maka dalili, amma ka yi haƙuri da ni, maganar tana da tsawo.

Ƙungiyar da ke ba da wannan kyauta an kafa ta a 1927 a Los Angeles, kuma wanda ya fi kowa tsayawa a kan kafa ta shi ne Louis B. Mayer, shugaban kamfanin finafinai na MGM. Tun ranar farko aka raba 'yan ƙungiyar gida biyar bisa sana'a: 'yan wasa, daraktoci, marubuta, furodusoshi, da masu aikin fasaha irin su ɗaukar hoto. Dokokin zaɓe sun sha canzawa a shekarun farko, amma tsarin da ya zauna shi ne zagaye biyu. A zagayen farko kowane gida shi ke fitar da nasa: 'yan wasa su fitar da 'yan wasa, daraktoci su fitar da daraktoci, masu ɗaukar hoto su fitar da ɗan'uwansu. A zagaye na biyu kuwa kowa da kowa ke jefa ƙuri'a a kan kowane fanni, har wanda bai san kan wannan fannin ba. Ka ga ke nan shigar sunan mutum cikin biyar shaida ce daga bakin abokan sana'arsa, waɗanda suka san wahalar abin da ya yi. Cin kyautar kuma hukuncin taron jama'a ne, wanda farin jini da talla da zumunci da yanayin shekarar duk suna da hannu a ciki. Ni dai na fi yarda da shaidar farko.

Kai ɗan Kano ne, ka san yadda ake yi idan sarki ya rasu. Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su zauna su fitar da sunayen waɗanda suka ga sun cancanta, a miƙa wa hukuma ta ɗauki ɗaya. Wanda sunansa ya shiga bai samu ba, ba wanda ke ce masa faɗaɗɗe. Har jikokinsa za a riƙa gaya musu cewa kakansu ya kai bakin gadon sarauta. Kuma abin da ake jira daga gare shi shi ne ya tashi ya je ya yi mubaya'a, girmansa ya ƙaru. Tafin da ka gani a zauren nan, asalinsa wannan ne: amincewa da hukuncin da ka yarda tun farko za ka shiga ƙarƙashinsa.

Amma a maganar tozarci kana da rabon gaskiya, ba zan ɓoye maka ba. Ba haka aka fara ba. Bikin farko an yi shi ranar 16 ga Mayu, 1929, a otal ɗin Roosevelt da ke Hollywood. Liyafar cin abinci ce ta mutum kusan 270, rabon kyaututtukan bai wuce minti 15 ba, kuma an riga an sanar da waɗanda suka ci wata uku kafin ranar. Ba wanda ya zo da faɗuwar gaba. Daga baya aka koma bai wa jaridu sunayen a asirce, da sharaɗin kada su buga sai dare ya yi. A 1940 jaridar Los Angeles Times ta saɓa sharaɗin, ta buga sunayen da yamma, baƙi suna kan hanyar zuwa suka karanta sakamako. Shi ya sa daga 1941 aka koma rufaffiyar ambulan da ba a buɗewa sai a kan dandamali. Da talabijin ta shigo a 1953, sai fuskar wanda bai ci ba ta zama wani ɓangare na abin kallo. Wannan ɓangaren ba ya burge ni. Mutum ya yi aikin shekara, a kafa masa kyamara a fuska ana jiran a ga ko zai iya haɗiye baƙin cikinsa, ban ga mutuntawa a ciki ba. Ba ni kaɗai ba ne: George C. Scott ya ƙi karɓar kyautarsa a 1971, don bai yarda a jera 'yan wasa suna tsere da juna ba.

Yanzu ka dubi abin da jerin waɗanda suka ci zai ɓoye maka. Citizen Kane na Orson Welles ya fito a 1941, Welles yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. An sa shi takara a fanni 9, ya ci ɗaya tak, na rubutun labari. Kyautar gwarzon fim ta tafi ga How Green Was My Valley na John Ford. Fim ɗin Ford ba banza ba ne, labarin iyalin masu haƙar gawayi ne mai taɓa zuciya, kada ka bari a raina maka shi. Sai dai Welles ya tsokano attajirin jaridu William Randolph Hearst, wanda kowa ya gane da shi labarin yake, jaridunsa kuwa suka yi wa fim ɗin taron dangi. Masu jefa ƙuri'a mutane ne da ke cin abinci a garin. Bayan shekara 21, mujallar Sight and Sound ta Ingila ta tambayi masharhanta na duniya, Citizen Kane ya zo na ɗaya a 1962, ya kuma riƙe wannan matsayi har shekara 50. Wanda ya ture shi a 2012 shi ne Vertigo na Alfred Hitchcock, fim ɗin 1958 da ko takarar gwarzon fim bai shiga ba. Shi kansa Hitchcock sau 5 ana sa shi takarar darakta bai taɓa ci ba. Na kawo maka Vertigo ne don kada ka ɗauka ina cewa jerin biyar ɗin ba ya kuskure. Yana yi. Ya dai fi na mutum ɗaya faɗi, abin da ke kuɓuce masa bai kai yawan na wancan ba.

Akwai kuma maganar wanda aka bari ya shiga zauren. A bikin 1940 Hattie McDaniel ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, saboda rawar da ta taka a Gone with the Wind. Otal ɗin Ambassador inda aka yi taron ba ya karɓar baƙaƙe, sai da aka nema mata alfarma, kuma aka zaunar da ita a wani ƙaramin tebur can gefe, nesa da abokan aikinta. Dorothy Dandridge ta shiga takarar gwarzuwar jaruma da fim ɗin 1954, ba ta ci ba, kuma sai 2002 wata baƙar fata ta ci wannan fannin. In ka karanta jerin masu nasara kaɗai, ba za ka taɓa cin karo da sunan Dandridge ba. A shekarun 1950 ma, lokacin da aka hana marubutan da ake zargi da kwaminisanci aiki, an ba da kyautar rubutun The Bridge on the River Kwai ga Pierre Boulle, Bafaranshen da ya rubuta littafin, alhali Carl Foreman da Michael Wilson ne suka rubuta fim ɗin a ɓoye. Sai a shekarun 1980 aka mayar musu da haƙƙinsu.

Fim ɗin da ya fi sa ni tsayawa a kan wannan ra'ayi kuwa ba na Amurka ba ne. A ƙuruciyarmu zuwa silima ba abin da ake yabon yaro da shi ba ne. Iyaye da malamai suna ƙyamarsa, matan aure ba sa zuwa, wanda ya cika zuwa kuma ana yi masa kallon ɗan iska. Duk da haka gidajen Palace da Plaza da Orion da El Dorado suna cika da dare, yawancinsu fili ne ba rufi, sai rana ta faɗi a kunna na'ura. Ana sa na kaboyi, ana sa na yaƙi, amma ba fim ɗin da ya zauna a zukatan mutanen garin nan kamar Mother India, wanda Mehboob Khan ya shirya a 1957. Nargis ce ta fito a matsayin Radha, matar da bashin mai ba da rance da ruwa ya cinye gonarta, mijinta ya rasa hannuwansa ya bar gida, ta ja garma da kanta ta raini 'ya'yanta. A ƙarshe ɗanta Birju ya zama ɗan fashi, ya sace 'yar mai rancen, ita kuwa uwar ta ɗauki bindiga ta harbe shi don kare mutuncin 'yar mutane. Ba ma jin Indiyanci, amma ba wanda ya nemi a fassara masa. Mun san fari, mun san bashi, mun san uwar da ke kwana da yunwa don yaro ya ci, mun san abin da ake nufi da kunyar gari. Na ga dattawa masu gemu suna share hawaye da bakin riga. Shekaru da yawa ana maimaita fim ɗin nan a Kano, gidan na cika.

To wannan fim shi ne na farko daga Indiya da ya shiga cikin biyar na fannin finafinan harsunan waje, a bikin 1958. Fannin sabo ne a lokacin, shekararsa ta biyu ke nan a matsayin gasa, kuma ƙa'idarsa ita ce kowace ƙasa ta aiko da fim ɗaya. Wanda ya ci shi ne Nights of Cabiria na Federico Fellini ɗan Italiya, wanda shi ne ma ya ci a shekarar da ta gabata. Fellini gwani ne, ba na musu. Amma ka tambayi kanka: in ka tsallake Mother India don bai ci ba, me ka tsallake? Ka tsallake fim ɗin da kakanninka suka yi kuka a gabansa, wanda a gida Indiya ya ci kyautar Filmfare ta gwarzon fim, kuma sai da Indiya ta jira shekara 31 kafin wani fim nata ya sake shiga cikin biyar ɗin. Lokacin da muke kallonsa ba mu ma san da wata gasa a Amurka ba. Da na sani daga baya, na ji daɗin cewa waɗancan mutane, a can nesa, sun ga abin da muka gani har suka kira sunansa.

Shiga takarar kuma tana da amfanin da ake gani da ido. Omar Sharif jarumi ne sananne a Masar kafin ya fito a Lawrence of Arabia a 1962. Fim ɗin ya ci kyauta 7, shi kuwa Sharif ya shiga takarar mataimakin jarumi bai samu ba. Amma bayan shekara 3 shi aka bai wa jagorancin Doctor Zhivago. Abokin wasansa Peter O'Toole ya faɗi a hannun Gregory Peck a wannan shekara, ya ci gaba da shiga takara har sau 8 ba tare da ya ci ba, kuma ba mai hankalin da zai ce bai iya wasa ba.

Sannan kada ka ɗauka Oscar ce kaɗai ma'auni. Gasa ce ta masana'antar Amurka, an gina ta don finafinan da ake nunawa a Los Angeles, sauran duniya an ba ta taga ɗaya. Birnin Venis na Italiya yana da bikinsa na finafinai tun 1932, birnin Cannes na Faransa tun 1946. A nan kusa da mu, bikin FESPACO na Wagadugu ya fara a 1969, kuma lokacin da aka fara ba da babbar kyautarsa a 1972, wanda ya ɗauke ta maƙwabcinmu ne, Oumarou Ganda na Nijar, da fim ɗinsa a kan wani alhaji da auren mace ta uku. Samarinmu da yawa sun haddace sunayen jaruman Hollywood ba su taɓa jin sunan Ganda ba, abin yana damuna ƙwarai.

Ga abin da nake so ka yi. Ɗauki shekara ɗaya, ka nemo duk finafinan da suka shiga takarar gwarzon fim a cikinta. Daga tsakiyar shekarun 1940 har zuwa 2009 biyar ne kacal a kowace shekara, ba su fi ƙarfinka ba. Ka kalle su ɗaya bayan ɗaya kafin ka duba wanda ya ci, ka yanke naka hukuncin, sannan ka duba. In kun saɓa, ka binciki abin da ke faruwa a Amurka a wannan shekara, yaƙi ne ko tsoron kwaminisanci ko rikicin launin fata, sau da yawa a nan za ka samu dalili. Ka fara da finafinan 1952, shekarar da High Noon ya faɗi a hannun wani fim na 'yan wasan sarkus. In ka gama ka rubuto mini wanda ka zaɓa da hujjarka.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka. Allah ya yi maka albarka.

Kawunka.