Tambaya da Amsa: Wai mi ya kai Al Capone gidan yari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lahiya. Gardama ce ta kaure a majalisarmu nan Mabera, wani abokinmu ya ce wai wanga ƙasurgumin ɗan daban Amurka Al Capone duk mutanen da yaransa sunka kashe ba a taɓa ɗaure shi kan kisa ba, wai haraji ne kawai anka kama shi da shi, har yana cewa mutumin kirki ne don yana ciyad da talakawa. Mu dai mun ce ƙarya ce. Don Allah a raba mu.
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam. To ɗan'uwa sai dai ku yi haƙuri, a zancen haraji abokinku ya ka da ku, amma zancen kirki kam ya yi ta kansa.

An haifi Capone a 1899 a Brooklyn ta birnin New York, iyayensa baƙi ne daga Italiya, ubansa mai aski ne. Tun yana matashi ya faɗa daba, a nan aka yanke shi da wuƙa a kumatu tabon ya zauna har mutuwa. Daga baya ya koma Chicago ƙarƙashin ubangidansa Johnny Torrio, sai ga Amurka ta haramta yin giya da sayar da ita a 1920, mashaya kuwa ba su daina nema ba, kun ga kasuwa ta buɗe wa ƴan fasa-ƙwauri ke nan. A 1925 abokan gaba suka harbi Torrio, da ya tsira ya ce shi kam ya gaji, ya miƙa wa Capone ragama yana ɗan shekara 26, giya da caca da gidajen karuwai duk a hannunsa.

Kisan da ya fi tayar da hankali shi ne na 14 ga Fabrairu 1929, aka jera mutum 7 na ɓangaren abokin gabarsa Bugs Moran a jikin bangon wani gareji aka buɗe musu wuta, biyu daga cikin maharan sanye da kakin ƴan sanda. Kowa Capone yake zargi, shi kuwa yana can gidansa na Florida a ranar, kuma har yau ba wanda aka yanke wa hukunci a kan wannan kisa. To wa zai ba da shaida? Wanda ya gani yana son ransa, ƴan sanda da ƴan siyasa da dama kuma suna cin abinci a hannunsa. Ku da ke jin abin da ƴan bindiga ke yi a gabashin Sakkwato ba sai na yi muku bayanin yadda tsoro ke ɗinke bakin mutum ba.

Shi ya sa gwamnatin tarayya ta biyo ta bayan gida. A 1927 kotun ƙoli ta yanke cewa ko kuɗin haram ne sai an biya musu haraji, Capone kuwa bai taɓa cike takardar haraji ba, ba ya ajiye asusun banki da sunansa. Wani jami'in haraji Frank Wilson ya zauna yana tonon tsofaffin littattafan lissafi da aka ƙwato a gidan caca, ya nemo akawun da ya rubuta su, aka haɗa da rasit-rasit na kashe kuɗinsa, su kwat masu tsada da kuɗin waya da na nama, aka ce to mutumin da ya ce ba shi da kuɗin shiga ina ya samo wannan? Ni a nan ne nake jinjina musu wallahi, aikin haƙuri ne ba na bindiga ba. Har mutanen gari da ake zaɓa su saurari shari'a su faɗi ko mutum yana da laifi, yaransa sun so saye, alƙali James Wilkerson ya samu labari, da safen fara shari'ar ya musanya su da na wata kotun. A Oktoba 1931 aka ba shi shekara 11 da tarar dala 50,000.

Batun ciyarwa gaskiya ne ya buɗe gidan abinci kyauta a Chicago a 1930 lokacin da tattalin arziki ya karye mutane ba aiki, amma ku duba lokacin, bayan kisan garejin ne sunansa ya ɓaci masu haraji na binsa, wankin suna ne kawai, kuma da kuɗin wa?

Ya fara zaman kaso a Atlanta, a 1934 aka mayar da shi kurkukun tsibirin Alcatraz. Ko da aka sake shi a 1939 tunjere ya riga ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, bai ƙara riƙe komi ba, ya mutu a Florida a Janairu 1947 yana da shekara 48. A gaida ƴan majalisa.