Man kanumfari yana maganin ƙwayoyin cutar baki?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Haƙorina ya yi kogo. Duk sanda ya motsa sai in ɗiga man kanumfari a auduga in cusa, ciwon ya lafa. Na kuma karanta cewa man da ake tatsowa daga tsirrai yana kashe ƙwayoyin cuta. Ga mahaifiyata, tana sa haƙoran roba, wani fari-fari ya fito mata a harshe da ganɗa. In ba ta ta riƙa kuskure baki da shi? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, abin da kika karanta gaskiya ne. Fiye da kashi 70 cikin 100 na man kanumfari wani sinadari ne mai suna eugenol, wanda ke kashe zafi, yana kuma huda fatar ƙwayar bakteriya har abin cikinta ya tsiyaye. Mu kanmu muna kwaɓa shi da garin zinc oxide mu yi cikon haƙori na wucin gadi, shi ne ma ƙamshin nan da kan tarbi mutum a ɗakin likitan haƙori. A ɗakin gwaje-gwaje, shi da man kirfa da na na'ana'a suna hana Streptococcus mutans yaɗuwa, wato ƙwayar da ke mayar da sukari ya koma tsami mai cin haƙori. Haka suke yi wa Candida albicans, fangas ɗin da ke sa farin baki.

Sai dai farantin gwaji daban, bakin mutum daban. A baki ƙwayoyin ba a tsirara suke ba. Sukan gina wani yauƙi mai danƙo a jikin haƙori su fake a ciki, ga yawu yana wanke duk abin da aka sa cikin ɗan lokaci. Shi ya sa na fi yarda da abin da aka auna aka gwada a bakin mutane. Ruwan kuskure baki na Listerine, wanda aka fara haɗawa a Amurka a 1879, sinadarai huɗu na tsirrai ke cikinsa: thymol, menthol, eucalyptol da methyl salicylate. Gwajin da aka yi na wata 6 ya nuna yana rage dattin haƙori da kumburin dasashi, idan ana haɗawa da buroshi. Ki lura, cikin huɗun nan babu wanda ya kai kashi 0.1 cikin 100. Abin da ke kwalbarki kuwa zalla ne, ya isa ya ƙona dasashi ya bar gyambo.

Haƙorinki ne ya fi damuna. Man yana sa jijiya barci, ruɓa kuwa tana ta cin gabanta a ƙasa. Ranar da ciwon ya ɗauke gaba ɗaya, wataƙila jijiyar ce ta mutu, mugunya ke biye. Don Allah ki je a share kogon a cike tun ana iya ceto haƙorin. In kin ga kumatu ya kumbura ko zazzaɓi ya zo, ranar za ki je, ba gobe ba.

Mama kuwa, kada a ba ta. Bakin da ya riga ya yi rauni ba zai jure wannan man ba. A kai ta a duba. In fangas ne, magungunan nystatin ko miconazole sukan gama da shi, amma a gaya wa likita in tana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, domin ba ya jituwa da miconazole. Ta riƙa cire haƙoran da dare a wanke su tas, a kuma auna mata suga, don ciwon suga na yawan jawo irin wannan.

Kwalbar kuma a ɗaga ta inda hannun yaro ba ya kai. Mililita 10 kacal, kimanin ƙaramin cokali biyu, ta isa ta lalata hantar ƙaramin yaro.