Wane ne Kaveh Akbar?

Ka tambaya ko akwai marubucin waƙa ɗan asalin Iran da ya yi fice a Amurka a wannan zamani. Akwai Kaveh Akbar, wanda aka haifa a Tehran a 1989, aka kai shi Amurka yana ɗan shekara biyu. Kundin waƙoƙinsa na farko, "Calling a Wolf a Wolf", ya fito a 2017, kuma a cikinsa ya bayyana gwagwarmayarsa da shan giya ba tare da ɓoye-ɓoye ba, abin da ya sa nake ganin girmansa ƙwarai. Ya sha ambata yadda yake maimaita addu'o'in Larabci yana yaro, yana jin daɗin sautinsu tun kafin ya fahimci ma'anarsu. Yanzu yana koyarwa a Jami'ar Iowa.