Haɗa ZFS da Linux a na'urar da za a sayar

Malam, ka tambaya ko za ka iya cusa ZFS, tsarin adana fayiloli, cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ka sayar da na'urar ajiyar bayanai da shi. In a kwamfutarka kaɗai za ka girka, ba mai ce maka uffan. Rigimar tana tasowa ne ranar da ka fara raba wa mutane.

Linux na ƙarƙashin lasisin GPLv2, wanda ya wajabta duk abin da aka gina a kansa aka raba ya fita da wannan lasisi. ZFS kuwa kamfanin Sun ya sake shi a 2005 da wani lasisi mai suna CDDL, shi ma bai yarda a sauya wa fayilolinsa lasisi ba. Kowanne ya kafe.

A 2016 Canonical, mai fitar da nau'in Linux da ake kira Ubuntu, ta saka ZFS cikin Ubuntu 16.04, lauyoyinta suka ce ɓangare ne mai zaman kansa. Ƙungiyar Software Freedom Conservancy ta ce sam, keta GPL ne. Kai kuma ba ka da lauyoyin Canonical, kuma tun 2010 Oracle ce ta mallaki Sun, wato haƙƙin ZFS na asali ya koma hannunta.

Ni dai da FreeBSD, wata manhajar tafiyar da kwamfuta daban da Linux, zan gina na'urar. Lasisinta sassauƙa ne, ZFS kuma ya daɗe a cikinta.